Shi ko Ita a Gadar Rafin Kanya

Litinin, 29 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke ba. Ni Azariya, shekarata sittin da huɗu a duniya, ban taɓa ganin irinsa a Kafanchan ba. Masu gidan burodi sun ce in dakata da fita sai hanya ta gyaru. Na ce su dakata su kaɗai. Tun da na ajiye alli nake ɗaura akwati a bayan babur ina kai wa masu shayi burodi, daga nan har bayan Gwantu, tebur goma sha ɗaya cif. Gobe zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ga wanda ruwa ya taɓa. Aikina ne, babu wani abu bayan wannan.

Akwai tebur na goma sha biyu a bakin gadar Rafin Kanya. Wannan ba na tsayawa a wurinsa.

Miriyam, matata, ta biyo ni har zaure ina shafa wa sarƙa mai. Ta ce, "Baban Hulda, wayarta ba ta shiga tun ranar Asabar." Na ce matsalar sabis ce, kowa wayarsa ba ta shiga. Shekara uku tana kirana Malam, yau kuma na koma Baban Hulda. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Talata, 30 ga Agusta, ƙarfe 2 na rana, garin Gidan Waya

Tebur huɗu na duba, duk suna nan, sai dai laka har gwiwa. Na biyar shi ne na Zakariyya. Iska ta yaye masa kwanon rumfa, ya ɗaure bencinansa da igiya a jikin mangwaro don kada su bi ruwa, amma butarsa tana kan wuta. Mutumin nan ko duniya za ta tashi sai ya tafasa ruwa tukuna.

Yana sheƙa mini shayi daga wannan kofi zuwa wancan sai ya ce, "Malam, ka ji labarin gadar Rafin Kanya kuwa? An ce ranar Asabar ta tafi, har da rumfar shayin da ke bakinta. Mai shayin ma ruwa ya tafi da shi."

Bai san abin da ke tsakanina da wannan rumfar ba, don ban taɓa gaya wa kowa a hanyar nan ba. Mutum biyu ne ke sayar da shayi a wurin, Hulda da mijinta Celestine.

Na shanye shayin har ƙasa. Na ce masa Allah ya kyauta.

"Shi" ya ce, ba "ita" ba. Da kunnena na ji. Zakariyya Bahaushe ne ɗan asalin Zazzau, ba ya haɗa shi da ita ko cikin barci.

Laraba, 31 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Kwalbati ya rufta gaban Gidan Waya, motoci sun yi layi kamar ranar kasuwa. Na jira awa uku na juyo. Miriyam ta tambaye ni me na ji a hanya. Na ce mata Zakariyya ya rasa kwanon rumfarsa.

Alhamis, 1 ga Satumba, ƙarfe 6 na safe

Na yi wata addu'a yau. Ba zan rubuta ta ba.

Juma'a, 2 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana, Gidan Waya

Ni da bakina! Me ya kai ni tambaya? Na koma wurin Zakariyya na ce, labarin nan na gada a bakin wa ya ji shi. Ya ce wani ɗan acaɓa ne ya tsaya cin indomi ya ba shi. Na ce ɗan ina ne. Ya ce, "Daga jin Hausarsa dai mutumin Sanga ne, Malam. Irin Hausarku ta nan." Ya faɗa yana dariya, ba da wata manufa ba.

Irin Hausarmu ta nan. To ai na san ta. Shekara talatin da ɗaya na yi a firamare ina yaƙi da ita. Yaro ya miƙe ya ce mama na ya tafi gona, in ce maimaita, ya maimaita, in ɗauko tsumagiya. A yarukanmu babu wannan rabe-raben, kowa shi ne, mace da namiji da akuya. Ni da na yi kwalejin horon malamai a arewa na dawo ina ganin kaina kamar na fi kowa. 'Ya'yana ma ban bar su ba. Hulda ta sha duka a kan kalmar nan fiye da kowa, don ita da gangan take yi, tana kallon idona.

Amma ɗan acaɓa ma ai yana iya faɗar daidai. Ba duka aka taru aka lalace ba.

Asabar, 3 ga Satumba, ƙarfe 3 na rana

An zuba duwatsu a kwalbatin, babura suna wucewa. Na bi, ruwa ya shiga salansa, injin ya yi tari biyu ya mutu a tsakiya. Na tura shi har tudu ina zage-zage, Allah ya gafarta mini. Na kwance fulogi na goge, na ɗaga gaban babur ruwa ya zubo ta baya kamar an kifar da tulu. Rabin burodin ya jiƙe. Na juyo gida. Sannu ba ta hana zuwa.

Lahadi, 4 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Labari ya iso Kafanchan. Bayan sujada matan zumunta na majami'armu su shida suka shigo gidana a jere, kowace ta yafa zane a kafaɗa, suka zauna kewaye da Miriyam suka fara waƙa a hankali, irin wadda ake yi a gidan makoki. Na fito na ce, "Wa ya mutu?" Na sake cewa, "Ina tambaya, wa ya mutu a gidan nan? Kun ga gawa?" Shugabarsu ta ce, "Haba Malam, addu'a muka zo yi." Na ce su je majami'a su yi, ƙofarta a buɗe take.

Na san na yi rashin kirki. Matan nan su suka yi mana girki ranar da aka binne mahaifiyata.

Da suka tafi Miriyam ta dube ni ta ce, "Tun Talata ka sani." Na ce abin da na sani shi ne an ce shi, ba a ce ita ba. Ta ce, "Kai da Hausarka." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Talata, 6 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma, Gwantu

Na iso. Awa biyar a tafiyar da ba ta kai biyu ba. Gonakin citta a kwari duk sun kwanta, masara ta yi baƙi a tsaye. Tebur na takwas babu shi, mai shi ya koma ƙauye da iyalinsa, an ce lafiyarsu lau. Na tara da na goma suna nan.

Tebur na goma sha ɗaya na Mama Catherine ne, a bayan tasha. Ruwa ya shiga shagonta ya bar zane a bango daidai ƙirjina. Na same ta tana shanya ganyen shayi da suga a kan buhu. Tana ganina ta ajiye tire ta ce, "Malam, zauna. Kai ne baba na Hulda, ba sai ka ɓoye ba, kowa a nan ya sani."

Na zauna.

Ta ce, "Hulda yana zuwa nan kowane Talata da yamma, bayan ka wuce. Burodi goma da na ƙara a oda na, kana tsammani na wane ne? Na shi ne. Ya ce burodi na baban shi ne kawai zai sayar a tebur na shi. Ya ce kada na gaya maka."

Yana zuwa. Na shi. Baban shi. Tana magana a kan 'yata, mace mai shekara ashirin da tara, tana ta zuba shi, shi, shi, ni kuwa kowace ɗaya tana sukata kamar ƙaya a tafin ƙafa. Da a aji ne da na tsayar da ita sau biyar.

Na ce, "Mama Catherine, wanda ruwa ya ɗauka, namiji ne ko mace?" Yau na iya fitar da tambayar. Ta ce ba ta sani ba, wallahi. Babu wanda ya ƙetare rafin tun ranar, babu sabis a can, duk abin da aka ji daga baki ne zuwa baki.

Zan kwana a gidan ƙaninta. Ba zan koma Kafanchan hannu wofi ba.

Laraba, 7 ga Satumba, ƙarfe 7 na safe

Shekara biyu da rabi ina ɗauko wa 'yata burodi a bayana ban sani ba. Kai, yarinyar nan!

Laraba, ƙarfe 4 na yamma

Na je bakin rafin. Inda gada take sai ƙarafa biyu a tsaye. Ruwan ja ne wur, yana tafe da itatuwa da saiwarsu. Rumfar a wancan ƙetaren take da, ƙarƙashin kanya. Kanyar tana nan.

Nan nake wucewa duk Talata idan zan kai wa wani shago burodi a cikin ƙauyen, kafin shagon ya rufe bara. Ko bayan ya rufe ban daina bi ba, tun da littafina ne bari in faɗi gaskiya. In sauke gilashin hular kwano, in ƙara wuta, in wuce, in je can gaba in juyo. Ta gefen ido nake ganin ta. Kullum tana fitowa bakin rumfa idan ta ji ƙarar babur.

Laifinta ta gama kwaleji, takardar koyarwa a hannunta, ta ce mai shayi za ta aura. Laifinsa kuma, ranar da ya zo gaishe ni ya durƙusa ya ce, "Baba, ina son yarinya na ka, zan riƙe shi da kyau." Na ce wanda bai san shi da ita ba ba zai taka ƙofata ba. A gaban mutane na faɗa. Magana zarar bunu ce.

Juma'a, 9 ga Satumba, ƙarfe 12 na rana

Ruwa ya sake sauka jiya. Na taya Mama Catherine kankare laka daga bencinanta, na gyara mata ƙafar tebur. Zama ba ya yi mini.

Asabar, 10 ga Satumba, ƙarfe 3 na rana

Sabon labari. Wasu masu kamun kifi sun ce an yi musu ihu daga ƙetare: mai shayi ɗaya yana da rai. Wani Bafulatani mai suna Babayo ya ciro shi daga cikin itatuwan gora can ƙasan rafi, yana kwance a rugarsu, ƙafa ta karye. Mama Catherine ce ta kawo mini da gudu, ɗankwalinta a hannu. "Yana da rai, Malam! Ɗaya yana da rai!"

Na tashi tsaye, sai na koma na zauna.

Wanda ruwa ya tafi da shi, shi. Wanda aka ciro, shi. Duka biyun shi. To ɗaya daga cikin maganganun nan kuskure ne dole, don mace ɗaya ce da namiji ɗaya. Kwana goma sha ɗaya ina riƙe da kalmar nan kamar igiya, ina cewa mutanenmu sun faɗi daidai. Yau kuma so nake a ce sun yi kuskure. Ni Azariya, mai tsumagiya, ina roƙon Ubangiji ya sa Hausar masu kamun kifi ta zama gurguwa.

Na samu sabis a kan tudun bayan tasha na kira Miriyam. Ta ce, "Wanne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kada ka dawo sai ka sani."

Lahadi, 11 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Ban je sujada ba. Na koma bakin rafi na tsaya tun safe. Wajen sha ɗaya wani mutum ya fito a ƙetare da sanda a kafaɗa. Na haɗa hannu a baki na yi ihu, "Namiji ko mace?" Ƙarar ruwa ta haɗiye. Na sake, na sake, har muryata ta dushe. Shi ma yana ta faɗar wani abu. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya juya ya tafi.

Ɗaya. Ai wannan na sani.

Litinin, 12 ga Satumba, ƙarfe 6 na safe

Na sake yin addu'ar nan. Na san ba ta Kirista ba ce. Na yi ta duk da haka.

Laraba, 14 ga Satumba, ƙarfe 10 na safe

Ruwa ya ja baya. Can sama da gadar akwai mashigin shanu, an ce ya sauko zuwa ƙirji. Maza huɗu za su zura sanduna biyu a ƙarƙashin babur su ɗauke shi a kafaɗa, ni in bi igiya. Mama Catherine ta ce, "Malam, kai tsoho ne, ka jira jibi." Na ce tsufan nawa ne. Na cika akwati da sabon burodi daga wani gidan burodi na nan Gwantu. Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, balle mutanen da suka ciro naka daga ruwa.

Laraba, ƙarfe 5 na yamma, rugar Babayo

Na ƙetare.

Babayo dattijo ne siriri, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Ya karɓe ni, ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo nono, ya yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina ruwa. Na gane yana jan gaisuwar ne don ya ba ni lokaci. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Da ya ga na ajiye ƙwarya ya tashi ya ce, "Zo, Malam."

Bukkar tana da duhu. Abin da na fara gani ƙafa ce ɗaure da karare da tsumma, aikin mai ɗori. Ƙafar babba ce, da gashi.

Celestine ne. Ya rame har da ƙyar na gane shi. Yana ganina ya yunƙura zai tashi ya durƙusa, da karyayyar ƙafa. Babayo ya danne masa kafaɗa.

Ya ce, "Baba." Na ga bakinsa yana motsi, yana shirya maganar kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo. Sannan ya ce a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ita ce, Baba. Ita ruwa ya ɗauka. Ta koma ta kwance akuya, na riƙe hannunta, ta kuɓuce mini."

Ko kuskure ɗaya babu.

Alhamis, 15 ga Satumba, ƙarfe 9 na safe

Babayo ya kai ni kabarinta. Kwana biyu bayan ambaliyar suka same ta. 'Ya'yansa ne suka haƙa, a kan tudu bayan majami'ar ƙauyen, mai bishara ya yi addu'a, matan ƙauye suka yi mata wanka suka sa mata farin zane. Sun jera duwatsu, sun kafa gicciye na itacen kanya. An yi mata komai yadda ya kamata. Ni ne kawai ba na nan.

Na yi kuka, bari in rubuta. Na yi kuka kamar yaro, na kira sunanta, na ce ta yafe mini. Babayo ya juya baya yana kallon shanunsa har na gama.

Alhamis, ƙarfe 4 na yamma

Na zauna a bukkar tare da Celestine. Ya ce kwana tara ya yi cikin zazzaɓi bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya so a aika Kafanchan, amma babu hanya, kuma yana ganin irin wannan magana ba a aika ta, da ƙafarsa ya kamata ya zo. Ya ce, "Sai dai kun ce kada na taka ƙofa."

Abin yana cina a ƙirji, na ga idan ban fitar ba zai kashe ni. Na ce, "Celestine, akwai abin da zan gaya maka, in ka ga dama ka tsine mini. Tun da na ji an ce ɗayanku ya tafi nake addu'a. Na roƙi Allah ya sa kai ne."

Ya kalli rufin bukkar. Ya ce, "Ni ma shi nake roƙo, Baba. Kowane safe."

Ban gyara masa komai ba. Na kama hannunsa, muka zauna haka har aka dawo da shanu.

Juma'a, 16 ga Satumba, ƙarfe 7 na safe

Mai ɗori ya ce ƙafar za ta iya tafiya idan ba a lanƙwasa ta ba. Na kwance akwatin burodi na bar wa Babayo, ya ce zai yi wa kaji akurki da shi. Mun ɗaure katako a gefen babur, ƙafar za ta kwanta a kai. Celestine ya ce in sauke shi a Gwantu wurin Mama Catherine, ba ya so ya ɗora mana nauyi. Na ce ya rufe mini baki, ni ke tuƙi. Ruwa ya ƙara ja baya, za a ƙetarar da mu ta mashigin shanu.

Ban kira Miriyam ba. Wannan ba maganar waya ba ce.

Juma'a, ƙarfe 5 da rabi na yamma, Kafanchan

Tana ƙofar gida. Maƙwabta sun ce tun Asabar nan take wuni. Ta hango mu tun daga kwanar layi, ta taso da sauri, sai ta ga wanda ke bayana. Ta tsaya cak. Ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa bayansa kamar akwai wurin mutum na uku. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Na kashe inji. Ba zan iya sauka ba, don idan na sauka babur zai faɗi da shi, shi kuma ba zai iya sauka da kansa ba. Haka muka tsaya mu biyu a kan babur a ƙofar gidana, yana riƙe da ƙuguna, ina jin kukansa a bayana, ita tana nata a ƙasa. Mutane sun fito sun yi cirko-cirko, babu wanda ya san abin yi.

Miriyam ce ta tashi. Ta share fuska da bakin zane, ta zo ta zura hannu a hammatarsa ta ce, "Baban Hulda, riƙe babur da kyau. Kai kuma ɗana, jingino a jikina, mu shiga ciki."